Madubin da Ke Sunkuyar da Kai

Duk mai bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Saminaka ya san wannan ɓacin rai: ka daidaita madubi kafin ka tashi, ba ka yi nisa ba ya sunkuya, sai kwalta yake nuna maka. Wani direban tsumma yake ɗaura masa. Masu babura a ƙauyukan Burumburum kuwa, da yawansu kwance shi suke yi su ajiye a ɗaki, wai ya dame su. Ranar da tirela ta taso musu ta baya ba su gani ba, wa za a ɗora wa laifi?

Gilashin lafiyarsa ƙalau, gaɓar ce ta saki. A bayan madubi akwai ɗan dunƙulen ƙarfe ko roba da ke zaune cikin gurbi, kamar yadda ƙashin kafaɗa yake zaune a mazauninsa. Matsi kaɗai ke riƙe da shi. Gargada tana jijjiga shi, ƙurar hunturu tana shiga tana cin sa, zafin bazara kuma yana sa robar gurbin ta buɗe.

Fara da duba ko akwai sukuru ko noti a bayansa. Idan akwai, ɗaure shi kaɗan-kaɗan kana gwadawa, har madubin ya tsaya da kansa amma hannu ya iya juya shi. Kar a ƙure shi, roba ba ta da haƙurin ƙarfe. A babur, sau da yawa notin gindin sandar madubin ne ya saki, sifana ta wadatar. Sai dai a kula, a wasu babura irin su Yamaha zaren madubin dama a juye yake, inda ka saba ɗaurewa nan ne kwancewarsa.

In babu abin ɗaurewa, ko an ɗaure bai kama ba, to dunƙulen ya cinye. A zare shi a hankali, a goge, a lulluɓa masa siririn yankin leda ko salatif, a mayar. Wasu kan shafa masa sufa gulu sama-sama, su bari ya bushe sarai kafin su mayar, don ya ƙara kauri. Wanda ya tsiyaya shi cikin gurbin kai tsaye kuwa ya kashe gaɓar, madubi ya daskare wuri ɗaya ke nan. Giris da baƙin mai ma ba wurinsu ba ne, santsi za su ƙara.

Gurbin da ya tsage ba shi da magani sai sabo.

Malam direba, kafin ka ɗora buhunan masara ka kama hanyar kasuwa, taɓa madubinka da yatsa ɗaya. In ya motsa, tsaya wurin bakanike tukuna.