Timbuktu Da Landan A Ajin Tarihi Na Gaya

Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya neman tama, ya yada zango a Dutsen Dala, kuma har yau Abagayawa ake kiran zuriyarsa. Yaron Gaya na jin wannan labari tun yana ƙarami. Ganin kayan tarihin da ido kuwa sai wanda ya dace. Gidan Makama, ginin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa inda aka adana tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa da kayan yaƙi, yana can cikin birnin Kano. Kafin makarantar Ajingi ta kwashi aji guda ta bi ta Wudil ta kai shi, sai kuɗin mota da na abinci da yardar iyaye sun haɗu.

Ga shi kuma darasin tarihi ya dawo. Tun wajen 2009 aka daina koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar maido shi.

A nan ne wayar malam ke da rana. Tun 2011 kamfanin Google ya fara ɗora ɗakunan gidajen tarihi a intanet, yadda mai kallo zai ja yatsa ya bi lungu-lungu, ya matso da abu kusa har ya ga tsagar jikinsa. Ana iya kewaya Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ta haka, inda ake ajiye da wasu daga cikin kayan tagullar da sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Benin a 1897. Shafin Digital Benin, wanda aka buɗe a Nuwamban 2022, ya tattaro hotunan irin waɗannan kaya fiye da 5,000 da ke warwatse a ƙasashe 20.

Wanda ya fi dacewa da yaranmu shi ne shafin Mali Magic, na Maris 2022, mai ɗauke da shafuka sama da 40,000 na tsofaffin littattafan Timbuktu. Yaron da ya yi karatun allo, da ganin rubutun zai ga ɗan'uwan wanda ya saba da shi a zaure. Daga nan malam ba zai sha wahala ba wajen jawo zancen fataken Sahara da zuwan Shehu Magili Kano a zamanin Rumfa. Tambaya ɗaya mai nauyi, kamar "wa ya kawo takardar da aka yi wannan rubutu?", ta fi yawon ɗaki goma ba tare da an tsaya ba.

Matsalolin sanannu ne: wuta, kuɗin data, da ɗalibai tuli a kan allon waya ɗaya. Bayanan kuma galibi da Ingilishi suke. Malami mai dabara zai ɗauki hotunan shafukan tun a gida, ya raba ajin rukuni-rukuni, ya yi bayanin da Hausa.

Babban giɓin shi ne manyan gidajen tarihi masu kuɗi ne suka fi cika intanet. Labarin Abagayawa sai malaman Gaya da Ajingi sun tashi da kansu: su ɗauki bidiyon maƙera suna zuga, su naɗi muryar dattawan fada, duk wanda ya shiga birni kuma ya nemi izini ya ɗauko wa ajinsa hotunan Gidan Makama.