Me Ya Sa Salsalar Iyali Ke Yankewa Daga Kan Kaka a Yammacin Zamfara?

Idan ka tambayi matashi a Anka ko Bukkuyum sunan kakan mahaifinsa, sau da yawa sai ya ce maka bari ya tambayo tsofaffi. Ba sakaci ba ne. Tsarin sunan Bahaushe bai tanadi sunan dangi da ake gada ba: Musa ɗan Garba zai haifi Sani Musa, shi kuma ya haifi Bello Sani. Kafin a kai jika, Garba ya fita daga takarda.

Sannan ga laƙabi. Sunan yanka da aka raɗa ranar bakwai sau da yawa ba shi ake kira ba. Uwa takan yi alkunya ga ɗan fari, wanda aka sa wa sunan kakansa kuma a sakaya shi da Abba ko Baba. Sunan rana, irin su Ɗanjuma da Talatu, yakan danne na yanka har mutum ya tsufa.

Zuwan makarantar boko da rajistarta ya kawo buƙatar suna na biyu, sai ɗalibai da dama suka ɗauki sunan garinsu. Haka aka samu Shehu Shagari da Aminu Kano. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, sunan garin Gummi yake ɗauke da shi, kuma 'ya'yansa sun gaje shi. Amma sunan gari wuri yake nunawa, ba jini ba. Mutum biyu masu amsa Anka na iya kasancewa ba su haɗa ko da kaka ɗaya ba.

Masu bin asalin Faransawan da suka zauna a yankin Kebek na ƙasar Kanada sun san irin wannan ruɗani. A can ma iyali kan ɗauki laƙabi, a haɗa shi da sunan asali ta kalmar "dit", wato "wanda ake ce wa", kamar Roy dit Desjardins. Daga baya wasu jikoki suka riƙe Roy, wasu Desjardins. Abin da ya cece su shi ne littattafan coci, inda tun ƙarni na 17 ake rubuta baftisma da aure da mutuwa tare da sunayen iyaye.

Mu a nan, rubutun ya fi karkata ga gidajen sarauta. Jerin Sarakunan Zamfara na Anka sananne ne, har Bajamushe Kurt Krieger ya wallafa littafi kan tarihin Zamfara a 1959. Manomin Abare ba ya cikin wannan jeri. Nasa tarihin yana bakin dattawa da maroƙa, da tsagen fuska da aka kusa daina yi, sai abin da ya faɗa cikin kundin alƙali ko takardun Nasara da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma dokar ba ta kai ofishin ƙauye ba. Tun 2021 kuwa JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Wanda makarantar firamare ta rubuta da sunan gari, banki da sunan uba, katin zaɓe da laƙabi, shi zai yi ta zarya kotu neman takardar rantsuwa.

Babbar asarar tana wajen gado. Iyakar gona a ƙauye shaidar dattawa ce ke tabbatar da ita. Hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da dama, dattawan suna gudun hijira a Anka da Gusau, wasu sun rasu a can. Ranar da aka koma gida, yaron da aka haifa a sansani zai nemi gonar kakansa da sunan da babu takardar da ta ɗauke shi.