Cimar Tana da Dangantakarta da Haɗa Taki: Misali Daga Unguwannin Hausawa na Ikko

Wannan maƙala za ta dubi abin da tana ke ci, da yadda sanin haka ke taimakawa wajen mayar da shara taki. (A rubutun yau da kullum kalmar ta yi kama da "tana" ta lamirin suna, amma wasalin farko na sunan wannan halitta dogo ne.)

Bahaushe kan ɗauka cewa ƙasa ce abincin tana. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai tana iri-iri ce. Wata cikin ƙasa take zaune, tana haɗiyar turɓaya don ta tatsi ɗan abin da ya ruɓe a ciki. Wata rami take haƙawa, ta fito da dare ta ja ganye. Ta uku kuwa a sama take, cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, kuma ita ce ake kiwo don taki. Fitacciya a wannan rukuni ita ce Eudrilus eugeniae, 'yar asalin Afirka ta Yamma, wadda aka kai har Indiya da Amurka. Tun a 1881 Darwin ya wallafa littafi kan aikin tana a ƙasar noma.

Tana ba ta da haƙora. Tsotso take yi, ƙundunta ya niƙa abincin da taimakon tsakuwoyin yashi, kamar dai na kaza. Saboda haka sai abu ya fara ruɓewa ya yi laushi take iya cinsa, kuma yawancin amfanin da take samu daga ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi ne. Kashin da take fitarwa shi ne takin.

Sharar Idi-Araba ta Mushin da ta Agege ta dace da wannan cima: ɓawon doya da na ayaba, ragowar kayan gwari, ganyen da ake naɗe goro, da kashin shanu da dattin tumbi na mayankar Oko-Oba. Amma zuba mata ɗanyen kashin shanu kuskure ne, domin zafin da yake ɗauka yana kashe ta. Sai an bari ya huce. Gishiri da maiƙo da yawan ɓawon lemo ma ba sa yi mata daɗi. Da fata take numfashi, don haka tana bukatar inuwa da laima, amma ba ruwa kwance ba, wanda shi ne babbar matsalar mai kiwonta a daminar Ikko.