Talla Ce Ta Gudu, Ba Masu Karatu Ba

A shekarar 2010 kamfanin Washington Post ya sayar da mujallar Newsweek a kan dala ɗaya tak, bisa sharaɗin mai saye, Sidney Harman, ya ɗauki bashin da ke wuyanta. Mujalla ce da aka kafa tun 1933, wadda a zamanin tashenta take buga kwafi sama da miliyan uku duk mako. A ƙarshen 2012 ta daina fitowa a takarda, sai 2014 ta dawo a rame. Abin da aka saba faɗa shi ne wai mutane sun daina karatu, waya ta ɗauke hankalin kowa. Wannan hujja ba ta da ƙwari, domin a lokacin wancan ciniki Newsweek na da masu saye sama da miliyan ɗaya. Waɗanda suka juya mata baya masu ba da talla ne, kuma dama da kuɗinsu take rayuwa.

Kuɗin da ake rubutawa a bangon mujalla ba kasafai yake isa ya biya takarda da tawada da sufuri da albashin ma'aikata ba. Manyan mujallun Amurka ma da gangan suke karya farashi ga masu biyan kuɗin shekara, don yawan masu karatu ya hau, su kuma su tsawwala wa kamfanonin mota da na turare kuɗin shafi. Ashe hajar da ake sayarwa idon mai karatu ce, labari kuwa shi ne abin da ke tara idanun wuri ɗaya. Tun kafin a san intanet wannan rauni ya nuna kansa: mujallar Life ta daina fitowa mako-mako a 1972 alhali tana da masu saye sama da miliyan biyar, saboda talabijin ya janye masu talla. Intanet ya maimaita wannan ne da ƙarfin da ya ninka. Google ya san abin da mutum yake nema a daidai lokacin da yake nemansa, Facebook ya san shekarunsa da garinsu da abin da yake sha'awa. Mai sayar da takalmi ba shi da dalilin biyan shafi guda don mutum dubu ɗari su gani, tunda zai iya biyan kaɗan ya kai ga mutum dubun da ke neman takalmi. Kuɗin tallan jaridun Amurka ya kai wajen dala biliyan 49 a 2006, zuwa 2022 ya faɗi ƙasa da biliyan 10.

Za a ce to ai intanet ya sauke wa mawallafi nauyi: ba takarda, ba maɗaba'a, ba motar rarrabawa, ba kwantai da dillali zai dawo da shi. Haka ne, amma arahar ta kowa ce. Shafin talla a mujalla yana da tsada ne saboda shafukan ƙidayayyu ne, a intanet kuwa gurbin talla ba ya ƙarewa, abin da ba ya ƙarewa kuma ba ya daraja a kasuwa. Sannan abin da ya yi araha shi ne yaɗa labari, nemo shi na nan da tsadarsa. Wakilin da zai shafe wata uku yana bin diddigin kwangilar da aka ci kuɗinta, sai ya ci abinci, sai an biya masa mota, sai an tanadi lauya. Kafofin da suka yi tashe a intanet su suka fi tabbatar da haka. BuzzFeed News ta ci lambar Pulitzer a 2021, aka sanar da rufe ta a Afrilun 2023. Vice, da aka yi wa ƙimar dala biliyan 5.7 a 2017, ta bayyana karyewa a Mayun 2023. Dukansu sun kafa rumfa a filin wani, kuma da Facebook ya sauya tsarinsa a farkon 2018 ya rage nuna labaran kafofi, ba su da inda za su kai ƙara.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta New York Times. A 2011 ta fara karɓar kuɗi kafin a karanta ta a intanet, mutane da yawa suka yi mata dariya, yau tana da masu biya sama da miliyan 10. Wannan ya nuna mai karatu zai iya biya, kuma kafar da mai karatu ke ciyarwa ta fi wadda ke farautar dannawa mutunci. Sai dai mutum ɗaya ba zai biya kafa goma duk wata ba, zai zaɓi ɗaya ko biyu, kuma mafi girma zai zaɓa. Nasarar ƴan ƙalilan a sama ba ta ceci mujallar ƙaramin gari ba. Tilasta wa manyan kamfanonin intanet su biya kafofin labarai ma bai zo da sauƙi ba: da Kanada ta yi doka a 2023, Google ya yarda ya riƙa biyan dalar Kanada miliyan 100 a shekara, amma Meta sai ya toshe labarai baki ɗaya a dandalinsa na Facebook da Instagram a ƙasar.

A Najeriya ciwon iri ɗaya ne, sai dai ya tarar da jiki da rauni. Masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙata, don haka da dala ake sayo takarda, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin bugu ya yi tashin gwauron zabi. Mujallu irin su Newswatch da Tell, da suka yi fito-na-fito da mulkin soja, yau da wuya a gan su a teburin dillali. Ga mawallafin Hausa kuwa lissafin ya fi ɗaci. Masu karatu suna nan birjik, duk wanda ya ga yadda ake rububin labaran Hausa a Facebook ya san haka. Amma Google na biya ne gwargwadon abin da masu talla ke sa ran samu daga aljihun mai karatu, kuma abin da suke biya don idon mutumin Kano bai kama ƙafar na mutumin Landan ba. Biyan kuɗin wata-wata kuma bai zama al'ada ba a wurin wanda ke ganin sayen data ma ya isa biya.

Shi ya sa tambayar da ta kamaci kowace kafa ita ce wa ke biyan albashin wakilinta. Idan ba mai talla ba ne kuma ba mai karatu ba, to saura uku: ɗan siyasa mai sayen shafin taya murna, ko ƙungiyar agaji mai nata jadawalin, ko ƙasar waje. Mafi yawan aikin jarida mai zurfi da Hausa daga BBC da DW da RFI da Muryar Amurka yake fitowa, kuma kuɗinsu daga jama'a ko gwamnatocin ƙasashensu yake zuwa. A Maris na 2025 umarni ɗaya daga fadar White House ya dakatar da aikin Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga masu saurarensa a Sakkwato ko Maraɗi ba.