Kalkuleta Ba Ta Faɗin Duk Amsoshin

Yawancin ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO haddace ƙa'idojin lissafin kusurwa suke yi, ba su san daga inda suka fito ba. Ina ganin a nan asarar take, domin wanda bai iya tabbatar da ƙa'ida da hujja ba, da wuya ya warware matsala ya fito da dukkan amsoshinta.

Daidaito iri biyu ne a wannan fanni. Na farko gaskiya ne ga kowace kusurwa, kamar sin²x + cos²x = 1, kuma aikin ɗalibi shi ne ya nuna dalili. Dalilin ba shi da nisa: a zana da'ira mai tazarar 1 daga tsakiya zuwa baki, a ɗauki ɗigo a bakinta, sai a ga alwatika mai kusurwar digiri 90 wadda gefunanta biyu su ne sin x da cos x, gefe mafi tsawo kuma 1. Saura ƙa'idar Fitagoras ce kawai. A raba ko'ina da cos²x, sai 1 + tan²x = sec²x ta fito da kanta. Iri na biyu kuwa gaskiya ne ga wasu kusurwoyi kaɗai, kamar sin x = ½, kuma aikin shi ne a zaƙulo su duka. Wanda ya cakuɗa biyun zai gwada sin 2x = 2 sin x da kusurwar sifili, ya ga ta yi daidai, ya ɗauka ya kafa hujja. Da ya gwada digiri 30 da ya ga kusan 0.866 a hagu, 1 a dama. Sahihiyar ƙa'idar ita ce sin 2x = 2 sin x cos x, wadda Abul Wafa al-Buzjani, masanin taurari da ya yi aiki a Bagadaza ya rasu a 998, ya sani kuma ya yi aiki da ita.

Ga inda hujja ke biyan mai ita. A ce an ba ɗalibi 2cos²x + sin x = 2, daga digiri 0 zuwa 360. Wanda ya fahimci ƙa'idar farko zai sa 1 − sin²x a gurbin cos²x, ya samu sin x(1 − 2 sin x) = 0. Amsoshi biyar ke nan: 0, 30, 150, 180 da 360. Mai gaggawa zai raba da sin x, ya zubar da uku bai sani ba, tunda ya raba da abin da zai iya zama sifili. In ya tambayi kalkuleta kusurwar da sin ɗinta ya zama ½, 30 za ta ba shi ta yi shiru, 150 ta salwanta.

Wani zai ce manhajar waya tana yin wannan duka cikin daƙiƙa. Gaskiya ne, amma mutum ne ya gaya mata amsar da za ta zaɓa. A dubi lokacin La'asar. A mazhabar Malikiyya yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar zawali. A ranakun da rana ke tsayawa tsaka a kan Kano, sau biyu a shekara, inuwar zawali ta ɓace, sharaɗin ya zama tan h = 1, wato rana ta yi digiri 45 sama da doron ƙasa. Amma sau biyu take kaiwa nan a yini guda, da hantsi da kuma bayan zawali. Lissafi zai ba da duka biyun, mai sani ne zai watsar da na safe.

Ƙorafin malamai ya fi batun manhajar waya nauyi: manhajar karatu ta cika, lokaci ya yi kaɗan, hadda ta fi sauri. Ban raina shi ba, domin aji mai cunkoso ba wurin dogon bayani ba ne. Sai dai a lissafa da kyau. Daga cos(A − B) = cos A cos B + sin A sin B ake fitar da ƙa'idojin tara kusurwa, na ninki biyu da na rabi, kowace cikin layi biyu ko uku. Darasi ɗaya da aka ba wannan ƙa'ida yana rage wa ɗalibi haddar shafi guda, kuma in ya manta alamar ƙari ko ragi a zauren jarrabawa, zai iya sake gina ta a gefen takarda.