Yadda Ƙwayar Halittar Tsiro ke Sarrafa RNA na Ribosom

1.0 Gabatarwa

Kowane tsiro, tun daga dawar da ake awo a kasuwannin Njamena har bishiyoyin da ke ba da inuwa a unguwar Bololo, da furotin yake girma. Ribosom, wasu ƴan mitsi-mitsin maƙeru a cikin ƙwayar halitta, su ke harhaɗa furotin. Wannan takarda ta bayyana yadda tsiro ke samar da RNA ɗin da ake gina ribosom da shi.

2.0 Ɗanyen Zare

Aikin yana farawa a nukiliyolas, wani dunƙule a cibiyar ƙwayar. A 1934 Barbara McClintock ta gano gurbin kuromosom da ke kafa shi a masara. A nan ne enzayim mai suna RNA folimares na ɗaya ke kwafo dogon zare guda, 45S. Guntaye uku ake bukata daga cikinsa: 18S da 5.8S da 25S. Sauran sassa huɗu, biyu a tsakani, biyu a gefuna, duk cire su ake yi.

3.0 Yanka da Datsewa

Enzayim iri biyu ke wannan aiki. Wasu suna yanke zaren daga tsakiya, wasu kuma suna gaigayar sa daga baki. XRN2 yana ci daga farkon zaren, gungun da ake kira ekzosom kuma daga ƙarshensa. Bayan haka 18S ya shiga ƙaramin ɓangaren ribosom, 5.8S da 25S su shiga babban.

4.0 Rushe Ragowa

Ba a barin abin da aka yanke ya taru. Ƙwayar tana liƙa wa ragowar, da duk zaren da ya lalace, gajeren wutsiya a matsayin shaida, sai ekzosom ya rushe su, a sake amfani da tubalansu. An lura cewa tsiron Arabidofsis da aka raunana wa wannan tsari yakan tsumbure.

5.0 Kammalawa

Yanayi yana taɓa wannan aiki. Bincike ya nuna zafin digiri 37 yana tsayar da shi a Arabidofsis, sanyi kuma yana rage masa sauri a shinkafa. A Njamena zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Saboda haka sanin yadda ƙwayar tsiro ke kare wannan aiki daga zafi yana da muhimmanci ga masu neman irin shuka da zai jure yanayin Sahel.