Albasa a tukunya: yadda za mu samu iri

Irin albasa yana da tsada, amma muna iya samun shi a gida. Albasar Galmi takan yi fure lokacin sanyi.

A watan Nuwamba, mu zaɓi manyan albasa marasa ruɓa. Mu huda gindin tukunya, domin kwantaccen ruwa yana ruɓar da albasa. Mu zuba ƙasa mai rairayi da ruɓaɓɓen taki, mu dasa, mu ajiye a rana. In ƙasa ta bushe, mu ba da ruwa.

Kada mu fesa magani kan furen, domin ƙudan zuma ne ke sa ya yi ƴaƴa. In baƙaƙen ƙwayoyi sun bayyana, mu yanke, mu shanya a inuwa. Mu shuka irin cikin shekara guda, domin in ya daɗe ba ya tsira sosai.